Kwanon shinkafa da gidaje huɗu na Yi Je-ma: tarihin zaɓen abinci don rage ƙiba a Koriya

Yau Koriya za mu leƙa, kuma ta ƙofar madafa za mu shiga.

Da yawanmu ta fim muka san ƙasar nan. Wanda ya kalli Dae Jang Geum, fim mai dogon zango da tashar MBC ta fara haskawa a 2003, zai tuna yarinyar da ta fara da girki a fada ta ƙare da zama likitar sarki. Matar ta rayu da gaske, sunanta ya zo a kundin tarihin fada a zamanin Sarki Jungjong wanda ya yi mulki daga 1506 zuwa 1544, sai dai a matsayin likita kawai aka ambace ta. Batun girkin ƙarin gishirin masu fim ne. Amma ƙarin gishirin yana da tushe, domin Koriyawa sun daɗe da riƙon cewa abinci da magani uwarsu ɗaya. A yau idan mai teɓa ya je asibitin gargajiya a birnin Seoul, bayan an duba bugun jijiyar hannunsa an kalli harshensa, sau da yawa yakan fito da takarda mai ɗauke da abin da zai nema da abin da zai ƙaurace wa idan ya shiga gidan abinci. Ana miƙa masa ita kamar wata wasiyya ce ta kaka da kakanni. Na bi sawun wannan takarda, sai na tarar rabinta tsohuwa ce, rabinta kuwa ko shekara hamsin ba ta cika ba.

Mu fara da sarki mai ƙiba. Gidan sarautar Joseon ya riƙe Koriya daga 1392 zuwa 1910, kuma yana da marubutan da aikinsu shi ne rubuta abin da ya faru a fada kullum, har sarki ba shi da ikon karanta abin da suka rubuta a kansa. Ta wannan kundi muka san cewa Sejong, sarkin da ya ƙirƙiro haruffan Hangul a 1443, mutum ne mai tsananin son nama kuma mai ƙin motsa jiki. Littafi ya sa a gaba. A shekarar da ya hau gado, 1418, mahaifinsa Taejong wanda ya sauka ya bar masa, ya nuna damuwa cewa jikin yaron ya yi nauyi, ya kamata ya riƙa fita farauta. Amma shi dai wannan uban, da ajalinsa ya gabato, sai ya bar wasiyya cewa a bar ɗansa ya ci nama a lokacin zaman makokinsa, duk da al'ada ta hana, domin ya san ba ya iya cin abinci in babu nama. Son ɗa ke nan, hannu ɗaya na ja, ɗaya na saki. Sejong ya kamu da ciwon da suke kira sogal, wato ƙishirwar da ba ta yankewa, wanda likitocin yau suke ganin ciwon suga ne. Yakan sha ruwa fiye da tulu guda a yini, idanunsa suka yi rauni, ya rasu a 1450 yana da shekara 52.

Ɗaya daga cikin likitocin da suka yi masa hidima, Jeon Sun-ui, ya rubuta littafi a 1460 mai suna Siknyo Chanyo, wanda kacokan a kan warkarwa da abinci yake. Manufarsa ita ce a fara gwada abinci, sai ya gaza sannan a ɗauko magani, ra'ayin da ya samo asali daga tsofaffin likitocin ƙasar Sin. Ban isa in ce mutuwar Sejong ce ta sa shi rubutun ba, amma mutumin da ya ga abin da akushi ya yi wa ubangidansa, ba mamaki ya ɗauki alƙalami.

Daga nan sai babban littafin da kowane likitan gargajiya na Koriya yake taƙama da shi, Dongui Bogam na Heo Jun. Sarki Seonjo ne ya ba da umarnin haɗa shi a 1596, ana tsakiyar yaƙi da Japan, aka kammala a 1610, aka buga a 1613 cikin juzu'i 25. A 2009 hukumar UNESCO ta sa shi cikin kundinta na rubuce-rubucen tarihi na duniya. Littafin ya taɓo ƙiba. Ya ce jikin mai ƙiba yakan tara laima da majina, kuma shanyewar ɓarin jiki ta fi kama shi. Ya lissafa abubuwan da ke sa mutum ya faɗa, irin su ganyen shayi da jan wake da ciyawar teku da wani nau'in kabewa. Sai dai wannan ɗan tsokaci ne a cikin teku. Heo Jun ya rubuta littafinsa ne don ƙasar da yaƙi ya ɗaiɗaita, inda ramewa ita ce abin tsoro.

Kishiyar Sejong a wannan fage shi ne Sarki Yeongjo, wanda ya yi shekara 52 a kan gado, daga 1724 zuwa 1776, ya rasu yana da 81. A gidan da matsakaicin shekarun sarakunansa 27 bai kai hamsin ba, wannan abin a jinjina ne. Mahaifiyarsa baiwar fada ce mai aikin ƙarfi, kuma ya tashi da ɗabi'ar tsimi. Ya rage yawan lokutan da ake kawo wa sarki abinci daga biyar zuwa uku, ba ya tsallake lokacin ci ko da ana tsaka da zaman fada, yana son tuwon sha'ir da aka jiƙa da ruwa a lokacin zafi, yana son yajin gochujang, ya kuma hana giya a ƙasar. Ya sha saiwar insam, wadda duniya ta sani da ginseng, ba kaɗan ba. Kada dai a ɗauka waliyyi ne. Shi ne a 1762 ya sa aka kulle ɗansa Yarima Sado a cikin akwatin ajiye shinkafa har ya mutu bayan kwana takwas.

To, yanzu ga mutumin da takardar can ta asibiti ta fito daga hannunsa. An haifi Yi Je-ma a garin Hamhung da ke arewa a 1837, ɗan da ba na uwargida ba, kuma a Joseon wannan tabo ne da ke toshe wa mutum manyan muƙamai. Ya yi aikin soja, ya riƙe ƙananan garuruwa, ya yi zurfi a karatun falsafar Kwanfushiyas. Ya daɗe yana fama da wani ciwo da ke hana shi haɗiyar abinci yana sa shi amai, kuma magungunan da suka yi wa wasu aiki shi ba su yi masa ba. Daga nan tambayar ta taso masa: me ya sa magani ɗaya zai tashi wannan ya kwantar da wancan? Amsar da ya bayar tana cikin littafinsa Dongui Suse Bowon, wanda ya kammala a 1894, almajiransa suka buga a 1901, shekara guda bayan rasuwarsa.

Ya raba 'yan Adam gida huɗu, tsarin da ake kira Sasang. Mutumin Taeyang huhunsa ke da ƙarfi, hantarsa ke da rauni. Na Taeeum akasin haka ne, hanta mai ƙarfi, huhu mai rauni. Soyang saifa mai ƙarfi da ƙoda mai rauni, Soeum kuma ƙoda mai ƙarfi da saifa mai rauni. A lura, hanta da saifa a bakinsa ba irin waɗanda mahauci ke ɗorawa a faranti ba ne kawai. Hanta a wurinsa ita ce ƙarfin tarawa da adanawa, huhu ƙarfin fitarwa da watsawa, saifa ƙarfin karɓar abinci da narkar da shi. Saboda haka mutumin Taeeum shi ne mai tarawa da yawa yana fitar da kaɗan: ƙaƙƙarfan ƙashi, kaurin ƙugu, yawan gumi, haƙuri da naci, da kuma kwaɗayi idan bai kama kansa ba. Yi Je-ma ya ƙiyasta cewa a gari mai mutum 10,000 za a samu Taeeum 5,000, Soyang 3,000, Soeum 2,000, su kuwa Taeyang da ƙyar su wuce goma. Shi da kansa a wannan gida na ƙarshe ya ajiye kansa, abin da yakan ba ni dariya duk sanda na tuna.

Abin da ya fi jan hankalina a littafin shi ne yadda ya ɗora asalin ciwo a kan hali. Fushi, baƙin ciki, murna da jin daɗi, idan ɗaya ya wuce kima shi ke karya ma'aunin gaɓoɓin ciki. Malamin tarbiyya ne da ya shigo likitanci ta bayan gida. Dogayen jerin nan na "ci wannan, bar wancan" da ake bugawa a yau, ya aza harsashinsu, amma mabiyansa ne suka faɗaɗa su daga baya, kuma har yanzu in ka ɗauki littattafai biyu za ka tarar sun saɓa a kan wasu abubuwan. Abin da aka fi haɗuwa a kai shi ne: Soeum mai sanyin ciki ya nemi kaza, citta, tafarnuwa da insam. Soyang mai zafin ciki ya nemi sha'ir, kokwamba da naman alade, wanda a lissafinsu mai sanyi ne. Taeyang ya riƙe kifi da sauran kayan teku da wani hatsi mai suna memil, ya rage maiƙo. Taeeum kuwa naman sa, waken suya da awara, ciyawar teku, wata farar saiwa da suke kira mu, da hatsin yulmu. Kowa da kiwon da ya karɓe shi, in ji Bahaushe, shi kuma Yi Je-ma sai ya mayar da maganar ilimi.

Amma a wace ƙasa aka yi wannan rubutu? Ƙasar da ke da suna na musamman ga lokacin yunwa: boritgogae, wato hawan tudun sha'ir, tsakanin ƙarewar shinkafar bara da nunar sha'ir, kamar yadda rumbu kan yi fayau a wurinmu kafin a yanke gero. Mutanen da suka san yunwa in suka samu ci ba sa wasa. Kwanukan shinkafa na zamanin Joseon da ke gidajen tarihi sun ninka na yau, kuma matafiya Turawa irin su Isabella Bird Bishop, 'yar Ingila da ta zagaya ƙasar a shekarun 1890, sun rubuta mamakinsu kan yawan abin da mutum ɗaya ke tashi da shi. Gidan abinci na lokacin shi ne jumak, masaukin bakin hanya da bakin kasuwa, inda ake zuba wa matafiyi gukbap, shinkafa cikin romo mai zafi. Babu wani zaɓi, abin da ke tukunya shi za ka ci. Ko gidan Imun Seolnongtang, wanda ake ɗauka mafi daɗewa a Seoul tun farkon shekarun 1900, romon ƙashin sa ne abin da ya shahara da shi. Wanda ya shiga irin wannan wuri da niyyar ramewa, da an ɗauka taɓin hankali gare shi.

Mulkin mallakar Japan daga 1910 zuwa 1945 ya rage wa likitocin gargajiya daraja, ya fifita likitancin Turai. Sai a 1951, ana cikin yaƙin Koriya, dokar lafiya ta Koriya ta Kudu ta amince da su a matsayin likitoci masu lasisi, waɗanda ake kira hanuisa. A yau shekara shida suke yi a jami'a, kuma tun 1987 inshorar lafiya take biyan wasu ayyukansu kamar jinya da allurai.

Wanda ya fara rage wa Koriyawa ci a gidan abinci kuwa gwamnati ce, kuma ba don lafiyarsu ba. Bayan yaƙi shinkafa ba ta isa, Amurka na turo alkama a matsayin tallafi, sai gwamnatin Park Chung-hee ta tilasta wa jama'a cin fulawa da gauraya shinkafa da sha'ir. A 1963 kamfanin Samyang ya fito da taliyar leda ta farko a ƙasar. A 1969 aka hana gidajen abinci sayar da shinkafa ranakun Laraba da Asabar daga ƙarfe 11 na safe zuwa 5 na yamma. Malaman makaranta sukan buɗe kwanon abincin yara su duba ko an gauraya. Sannan a 1976 hukumar birnin Seoul ta yanke wa kwano ma'auni: na bakin ƙarfe, faɗinsa santimita 10.5, zurfinsa 6, kuma ba za a cika shi taf ba. Mai gidan abincin da ya saɓa, a rufe masa shago na wata guda, in ya sake a ƙwace lasisi. A 1981 aka faɗaɗa ma'aunin zuwa ƙasa baki ɗaya. Ɗan kwanon nan mai murfi da kuke gani a finafinansu, asalinsa ke nan.

Ba a jima ba sai al'amari ya juye. A 1977 ƙasar ta wadatu da shinkafa aka ɗage takunkumi. Lotteria ta buɗe a 1979, McDonald's a 1988, shekarar da Seoul ta karɓi wasannin Olamfik. Soyayyar kaza ta cika unguwanni. Ma'aikata suka saba da hoesik, liyafar dare ta ofis wadda ƙaramin ma'aikaci ba ya iya ƙin zuwa, inda ake gasa tumbin alade ana kora shi da giyar soju. A 1970 kowane mutum a Koriya ta Kudu yana cin kimanin kilo 136 na shinkafa a shekara. A 2023 abin ya sauko zuwa kilo 56, kuma nama ya riga ya wuce shinkafa a ma'auni. A lissafin hukumomin lafiyarsu, kusan rabin maza manya yanzu suna cikin masu ƙiba. Ciwon Sejong ya fito daga fada ya shiga gidan kowa. A wannan yanayi ne, musamman daga shekarun 1990, asibitocin gargajiya suka buɗe sashen rage ƙiba, aka kakkaɓe littafin Yi Je-ma, aka ɗora masa tambayar da ba a zamaninsa aka haife ta ba.

Ɗauki misalin abokan aiki huɗu da suka fita cin abincin rana, kowa da takardarsa. Na Soeum an ce ya nemi samgyetang, 'yar kaza guda cur da aka cusa wa shinkafa mai danƙo da insam da tafarnuwa aka dafa. Na Soyang tuwon sha'ir da ganyaye, ko dafaffen naman alade da ake naɗewa a ganye. Na Taeyang naengmyeon irin ta Pyongyang, taliyar memil cikin romo mai ƙanƙara. Na Taeeum, wanda shi ne ya fi buƙatar shawarar, romon naman sa ko miyar awara. A nan nake da ja. Kaza guda da cikinta cike da shinkafa abinci ne da aka tsara don mayar wa mutum ƙarfi a kwanakin tsananin zafi, kuma a siffarsa ta yau sai a shekarun 1960 ya yaɗu a gidajen abinci. Taliya kuma ko da memil aka yi ta, kwano babba ne na gari. Romon nan nasu gishiri ne jibge. Mutum zai iya bin takardarsa sau da ƙafa ya ƙara kilo biyar. Ga kuma banchan, ƙananan faranta na kimchi da ganyaye da kifi da ake jerawa a tsakiya kowa na kai hannu, ana ƙarawa kyauta. A zamanin Yi Je-ma mai hali shi kaɗai yake ci a kan ɗan teburinsa, don haka ware wa kowa nasa abu ne mai sauƙi. A teburin ofis ina za ka ware?

Akwai kuma matsalar gane gidan da mutum yake. Likitoci biyu kan iya duba mutum ɗaya su ajiye shi a gidaje biyu, abin da ya sa aka ƙirƙiro takardun tambayoyi, daga baya cibiyar binciken likitancin gargajiya da gwamnati ta kafa a 1994 ta shiga auna fuska da murya da kwamfuta. An taɓa yayin wani gwaji ma da mutum zai riƙe kokwamba ko karas a hannu ɗaya, a ja yatsun ɗaya hannun a ga ko sun yi sanyi. Bincike a Koriya ya sha nuna cewa 'yan gidan Taeeum sun fi ƙiba da hawan jini da ciwon suga. Gaskiya ne, amma tunda kaurin jiki na cikin abin da ake dubawa kafin a ce mutum Taeeum ne, to ka tara masu ƙiba a ɗaki ne sannan ka leƙa ka ce ka gano suna da ƙiba.

Duk da haka ba zan watsar da takardar ba. In ka karanta ƙasanta, bayan jerin gidaje huɗun, shawarwarin da ake ba kowa iri ɗaya ne: zaɓi dafaffe ka bar soyayye, tsamo abin cikin miya ka bar romon, fara da ganye, ka ci a hankali, ka bar rabin shinkafa, kar ka ci da tsakar dare. Wannan tsarin Yeongjo ne, kuma likitan asibitin zamani ma abin da zai faɗa ke nan. Ina zargin amfanin rabon gidajen shi ne yana sa mutum ya ji an yi magana da shi shi kaɗai, sai ya tsaya ya karanta jerin abincin kafin ya yi oda. Wannan ma ba ƙaramin abu ba ne.

Inda haɗarin yake shi ne jiƙon da ke rakiyar takardar. Mafi shahara shi ne Taeeumjowi-tang, haɗin da Yi Je-ma ya rubuta don wasu cututtukan sanyi na mutanen Taeeum, wanda asibitoci suka gyara suka mayar maganin rage ƙiba. A cikinsa akwai yulmu, akwai kuma mahwang, tsiron da ke ɗauke da sinadarin efedirin. Yana kashe sha'awar abinci, yana kuma iya sa zuciya bugawa da sauri, ya ɗaga jini, ya hana barci. A 2004 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta haramta sa shi a kayan ƙarin kuzari da ake sayarwa a kanti, bayan rahotannin bugun zuciya da mace-mace. A Koriya likita mai lasisi ne ke rubuta shi, yana auna adadi yana bibiyar majiyyaci. Na faɗi wannan ne saboda 'yan uwa mata da maza da ke sayen shayin rage tumbi a intanet don kawai an rubuta Koriya a kwalin, ba su san abin da ke ciki ba, ba kuma wanda ya auna musu jini.

Shi kuwa ɗan kwanon bakin ƙarfe yana nan a kusan kowane gidan abinci a Koriya ta Kudu, yana ɗaukar shinkafa kimanin giram 200. Shekaru da dama farashinsa bai motsa daga won 1,000 ba, sai a 'yan shekarun nan ya fara hawa. An ƙera shi ne don mutanen da za su so su cinye uku, yanzu jikokinsu sukan ɗaga murfin su ci rabi su mayar su rufe.